Ɓarzajjen Itace: Biyetnam Ta Ƙwace Kambu Daga Ostiraliya, Amma Yawa Ne Riba?

Wanda ya isa tashar jiragen ruwa ta Portland a jihar Biktoriya ta kudancin Ostiraliya, da wanda ya isa ta Dung Quat a tsakiyar Biyetnam, abu ɗaya za su fara hangowa tun daga nesa: tsibi-tsibin ɓarzajjen itace, tarin da ya fi gidan sama tsayi, motocin katafila na yawo a kansa. Bishiya ake sarewa, a ɓare ɓawonta, a cusa gungumen cikin inji, ya fito gutsi-gutsi, kowane yanki bai wuce santimita 3 ba. Daga nan sai jiragen ruwa na musamman masu zurfin ciki su kwashe, domin kayan ba su da nauyi sosai sai cin wuri. Masana'antun ƙasar Sin da na Japan ne ke saye, su dafa shi da sinadarai ya zama ƙullun da ake yin takardar rubutu da kwali da takardar goge hannu, har ma da zaren wasu yadudduka.

Shekara da shekaru Ostiraliya ce sarauniyar wannan kasuwa. Ta fara lodin jirage zuwa Japan a farkon shekarun 1970, daga garin Eden na jihar New South Wales da garin Triabunna na tsibirin Tasmaniya. Biyetnam kuwa ko a farkon shekarun 2000 abin da take fitarwa bai kai tan miliyan 1 ba. Amma a 2011 ta haura tan miliyan 5, ta sha gaban Ostiraliya, kuma tun daga lokacin ba ta waiwayo ba. A 2022 ta sayar da kimanin tan miliyan 15.8, ta karɓi kusan dala biliyan 2.8. A 2023 kasuwa ta ɗan yi sanyi, ta fitar da kimanin tan miliyan 14.4. Ostiraliya, ko a shekarunta masu albarka irin su 2018, a wajajen tan miliyan 7 ta tsaya. Ƙasar da faɗinta ya ninka na Biyetnam sau 23, ga shi yanzu rabin abin da Biyetnam ke fitarwa ma yana ba ta wuya.

Kafin a shiga gardama akwai wani tarko da ke kama masu kwatanta alƙaluma. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. 'Yan kasuwar ba sa biyan kuɗin ruwa, don haka da nauyin busasshe suke ciniki: a ɗebi samfuri daga jirgi, a gasa shi har ya bushe ƙarau, a lissafa sauran a kan haka. Amma hukumomin tashoshi da jaridu sau da yawa nauyin ɗanye suke bugawa. Wanda ya ɗora alƙaluman ɗanye na wata ƙasa kusa da na busasshe na wata, ya yi daidai da mai auna buhun ɗanyen tumatir da buhun kauɗa ya ce ga wanda ya fi noma. Alƙaluman da aka kawo a sama sun nuna tazarar da ko da wane sikeli aka auna ba ta gushewa. Saboda haka babu mai jayayya a kan wa ya fi yawa. Jayayyar tana kan ko wannan yawan nasara ce.

Masu cewa nasara ce suna farawa da tambayar wa ke da bishiyar. A Ostiraliya manyan kamfanoni da asusun zuba jari ne ke riƙe da gandayen. A Biyetnam ƙananan manoma ne ke samar da kaso mafi tsoka, gidaje sama da miliyan 1, mafi yawansu gonarsu ba ta wuce 'yan hektoci ba. Tushen wannan shi ne sauye-sauyen tattalin arziki na Doi Moi da aka fara a 1986, da dokar filaye ta 1993 wadda ta buɗe hanyar ba iyalai takardar izinin amfani da filin daji har na shekara 50. Gwamnati ta kuma fito da shirin 327 a 1992 don rufe tsaunukan da suka zama fako, sannan a 1998 ta ƙaddamar da shirin dasa hekta miliyan 5. Yaƙin Biyetnam da gubar da sojojin Amurka suka fesa, da saran da ya biyo bayan yaƙin, sun sa a wajajen 1990 daji bai rufe fiye da kashi 28 cikin 100 na ƙasar ba. Yau alƙaluman gwamnati na nuna kimanin kashi 42.

Abin da ya ja manomi ga shuka ba wa'azin kare muhalli ba ne. Mai saye ne ya zo har bakin hanya. Kamfanonin Japan sun haɗa gwiwa da na Biyetnam tun shekarun 1990 suka kafa injinan ɓarza kusa da tashoshin Da Nang da Quy Nhon, daga baya ɗaruruwan ƙananan masu inji suka bazu daga Quang Ninh a arewa har zuwa tsakiyar ƙasar. Injin ɓarza ba ya zaɓe. Siririn itace, karkatacce, mai ƙulli, duk yana haɗiyewa. Manomin da ya dasa a kan tudun da shinkafa ba ta yi, bayan shekara 4 ko 5 zai sare, dillali ya kawo mota, a auna, a biya shi nan take. Da wannan kuɗin ake rufin kwano, a sayi babur, a biya makarantar yara. Masu wannan ra'ayi suna cewa duk sana'ar da ta kai kuɗin ƙasar waje har aljihun talakan kan tudu ba tare da ya jira tallafin kowa ba, ba a raina ta.

Sannan ga kusanci. Daga tashar Cai Lan zuwa masana'antun kudancin Sin, irin na tsibirin Hainan da na Zhanjiang, tafiyar 'yan kwanaki ce. Jirgin da ya taso daga Portland ko Albany sai ya yi wajen mako biyu a teku. A kasuwar da kayanta ke da arha kuma suke cika jirgi, kuɗin dako na iya raba gardama shi kaɗai. Da Sin ta hana saran dazuzzukanta na asali, ta kuma gina manyan masana'antun takarda a gaɓar teku, maƙwabciyarta ce ta fi kowa morewa.

Wani abin dariya a nan, wanda 'yan Ostiraliya kansu kan faɗa da murmushin yaƙe, shi ne bishiyar da aka kayar da su da ita tasu ce. Akeshiyar da Biyetnam ke shukawa, dangin bagaruwa ce ta nesa, asalinta arewacin Ostiraliya ne da tsibirin New Guinea da gabashin Indonesiya. Hukumar bincike ta CSIRO da cibiyar ACIAR ta gwamnatin Ostiraliya sun yi shekaru suna ba masanan Biyetnam iri da horo. A farkon shekarun 1990 masanan Biyetnam suka gano wani haɗin jinsi biyu na akeshiya mai saurin girma, suka yaɗa shi ta hanyar dashen reshe. Shi ne ya lulluɓe tuddan ƙasar a yau.

Ɗaya ɓangaren kuwa karin maganarsu ita ce da haihuwar yuyuyu gwamma ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara, kuma masu sukar da suka fi zafi ba a Ostiraliya suke ba, a cikin Biyetnam ɗin suke. Su ne masu masana'antun kujeru da gadaje da kabad. A 2022 katako da kayan katako sun kawo wa Biyetnam kimanin dala biliyan 16, kuma kayan ɗaki ne suka kawo mafi yawa, Amurka ce babbar mai saye. Idan aka raba kuɗin ɓarzajjen itace na wannan shekarar da nauyinsa, tan ɗaya bai kai dala 180 ba, alhali shekara ce ta tsada. A 2023 ya sauko wajen dala 155. Itacen da aka sayar a haka, da an bar shi ya yi kauri an yanka shi katako an ƙera tebur, da kuɗinsa ya ninka sau da yawa, da kuma mutanen da suka ci abinci a kansa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma bishiyar shekara 5 ba ta da kaurin da zarto zai fitar da katako mai faɗi. Sai ta kai shekara 8 zuwa 10 ko fiye. Ke nan duk jirgin da ya tashi daga Dung Quat, a ganinsu, ya tafi da katakon da kafinta zai nema nan da shekara 5.

Sakamakon haka ƙasar da ta fi kowa sayar da ɓarzajjen itace ta zama babbar mai sayen gungume daga waje. Ta rufe saran dazuzzukanta na asali a wajajen 2016 da 2017. Lawos ta hana fitar da gungume a 2016. Sai 'yan kasuwar Biyetnam suka karkata zuwa Afirka, Kamaru ta zama cikin manyan masu ba su itacen daji. Ƙungiyoyin kare muhalli sun daɗe suna zargin cewa wani kaso na wannan itace ba ta halastacciyar hanya ake sare shi ba, kuma a Oktoban 2020 gwamnatin Amurka ta buɗe bincike a kan katakon da Biyetnam ke shigowa da shi, aka rufe shi da yarjejeniya bayan shekara ɗaya. Masu suka suna cewa idan za a yaba wa Biyetnam da ƙaruwar daji a gida, sai a haɗa da dajin da ya ragu a wani wuri domin masana'antunta su yi aiki.

Ko dajin gidan ma suna da magana a kansa. Kashi 42 ɗin nan ya haɗa da gandayen akeshiya, layi-layi, jinsi ɗaya, shekaru ɗaya, ana aske su tas duk bayan 'yan shekaru, sau da yawa a ƙone ragowar kafin a sake dashe. A kan gangaren tudu, tsakanin sara da tsiro, ruwan sama na wanke ƙasa. Sannan jinsi ɗaya a miliyoyin hektoci gayyatar cuta ne. A tsibirin Sumatra na Indonesiya wata cutar fumfuna mai busar da akeshiya ta tilasta wa manyan kamfanoni komawa shuka bishiyar turare, kuma an ga cutar a Biyetnam. Ga kuma dogaro da mai saye ɗaya: Sin kaɗai ke ɗaukar fiye da rabin kayan, Japan na biye. Ranar da masana'antun Sin suka rage saye, farashin da dillali ke faɗa a bakin gona ya faɗi cikin mako guda, kuma manomi ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Gwamnatin Biyetnam ta saurari ƙorafin masu kayan ɗaki. Daga farkon 2016 ta ɗora harajin kashi 2 cikin 100 a kan fitar da ɓarzajjen itace, kuma an sha kiran a ƙara shi. Bai hana komai ba, domin alƙaluman sun ci gaba da hawa. Abin da ya faru kawai shi ne masu inji sun rage kuɗin da suke ba manomi.

A nan ne hujjar masu suka take yin rauni, duk da ƙarfinta a kan takarda. Tana ɗauka cewa manomi bai san bishiya mai kauri ta fi kuɗi ba. Ya sani sarai. Abin da ya sani kuma mai ofis ya manta shi ne guguwa. Gaɓar tsakiya da arewacin Biyetnam na kan hanyar mahaukaciyar iskar teku duk shekara, kuma akeshiya itace ne mai saurin karyewa. A Satumban 2024 guguwar Yagi ta kwantar da gandayen da suka haura hekta 100,000 a arewa, lardin Quang Ninh ya fi kowa ji a jika. Duk shekarar da manomi ya ƙara yana jira, caca ce yake yi da dukiyarsa kacokan, ba shi da inshora, ga bashin da ba ya jira. Bayan guguwa kuma wa ke sayen karyayyen itace? Mai injin ɓarza. Sana'ar da ake zagi ita ce ke tsamo manomi ranar da bala'i ya sauka. An gwada wata hanyar a lardin Quang Tri, inda a 2010 ƙungiyar ƙananan manoma ta samu takardar shaidar FSC ta kula da daji, suka riƙa barin bishiya ta yi kauri suna sayar wa masu kayan ɗaki da tsada. Abin ya yi aiki, amma da tallafin ƙungiyoyin waje da mai saye tabbatacce, kuma har yanzu ƙaramin kaso ne na gandayen ƙasar.

Masu kare Ostiraliya nasu bayanin daban ne. Na farko, inganci. Bishiyar turaren da suke shukawa a kudu maso yammacin Biktoriya da kudu maso gabashin jihar Ostiraliya ta Kudu, da kewayen Albany da Bunbury a yamma, tana yin shekara 10 zuwa 15 kafin sara. Itacenta ya fi nauyi, ya fi ba da ƙullu a kowane tan, ba ya cin sinadari da yawa, shi ya sa farashinsa ke sama da na akeshiya. Na biyu, suna cewa raguwar zaɓi ce. Sana'ar ta ginu ne a kan saran tsofaffin dazuzzuka na asali, kuma al'ummar ƙasar ta yi shekara 50 tana faɗa a kan haka. Kamfanin Gunns na Tasmaniya, wanda ya taɓa zama mafi girma a duniya a wannan fanni, a Disambar 2004 ya maka mutane da ƙungiyoyi 20 a kotu saboda adawa da shi, ciki har da Sanata Bob Brown na jam'iyyar masu kare muhalli. Ƙarar ta zubar masa da mutunci fiye da yadda ta tsorata kowa. Masu saye na Japan suka fara neman takardar shaidar kula da daji. A 2011 wasu attajirai biyu masu ra'ayin muhalli, Graeme Wood da Jan Cameron, suka sayi masana'antar ɓarza ta Triabunna, ba ta sake aiki ba. A Satumban 2012 Gunns ya durƙushe. Daga 1 ga Janairun 2024 jihohin Biktoriya da Ostiraliya ta Yamma sun daina saran dazuzzukan asali na gwamnati. Ƙasar da ta yanke shawarar barin dajinta a tsaye, in ji su, ba za a ce an kayar da ita don tan ɗinta ya ragu ba.

Wannan magana rabinta gaskiya ce. Ɗaya rabin ba a son tunawa da shi. A 1997 gwamnati da masana'antu suka ɗau alkawarin ninka gandayen dashe sau uku kafin 2020. Hanyar da aka bi ita ce rangwamen haraji ga duk wanda ya zuba kuɗi a shirin dasa bishiya. Likitoci da lauyoyi da 'yan fansho na birane suka yi ta zubawa don rage haraji, kamfanoni suka yi ta sayen gonaki suna dasawa, har a wuraren da ruwan sama bai isa ba ko tasha ta yi nisa. A 2009 manyan kamfanonin biyu, Timbercorp da Great Southern, suka rushe cikin makonni kaɗan tsakaninsu, dubban mutane suka yi asarar jarinsu. Gandayen bishiyar turare da makamantanta sun kusa kai hekta miliyan 1 a lokacin, daga nan suka fara raguwa, domin da yawa bayan saran farko an tumɓuke kututture an mayar da filin makiyaya. A 2011 kuma dalar Ostiraliya ta fi ta Amurka daraja, kayanta suka yi tsada, daidai lokacin da girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta watan Maris suka lalata masana'antun takarda a arewa maso gabashin Japan. Gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta cinye gandayen tsibirin Kangaroo, ta kuma ci masana'antar Eden. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira zaɓi.

Kuma zargin da ake wa Biyetnam na sayar da ɗanyen kaya ya fi kama Ostiraliya. An yi yunƙurin gina babbar masana'antar ƙullu a Wesley Vale a ƙarshen shekarun 1980, ya rushe. Gunns ya yi nasa yunƙurin a Bell Bay, ya rushe tare da shi. A farkon 2023 masana'antar Maryvale, wadda ita ce ta ƙarshe mai yin farar takardar ofis a ƙasar, ta daina yin ta. Yanzu Ostiraliya na loda itace zuwa Asiya tana sayo takarda daga can, kuma a cinikin kayan itace gaba ɗaya abin da take saye ya fi abin da take sayarwa. Ko gandayen dashen ma ba su tsira daga suka ba, domin dabbar kowala ta mayar da su gida, kuma mutuwar da dama daga cikinsu a wani fili da aka share a Cape Bridgewater a farkon 2020 ta tayar da ƙura a faɗin ƙasar.

Idan aka ɗora hujjojin a kan sikeli, Biyetnam ce ke da rinjaye, kuma ba don yawan tan kaɗai ba. Ta gina sana'ar a kan filin da ta ba manomi da mai sayen da ke bakin hanya, shi ya sa idan aka sare ana sake dasawa ba tare da an roƙi kowa ba. Ostiraliya ta gina tata a kan tsohon daji da rangwamen haraji, da aka janye su biyun sai ta tsuke. Biyetnam kuma tana da masana'antar kayan ɗaki da ke jiran itacen idan ya yi kauri, Ostiraliya ba ta da inda za ta kai nata sai cikin jirgi. Masu suka sun yi gaskiya cewa tan miliyan 15 na bishiyoyin shekara 5 asara ce a ɓoye, sun yi kuskure da suka ɗora laifin a kan mai inji, suka nemi magani a haraji. Abin da zai sa manomin Biyetnam ya bar bishiyarsa ta kai shekara 10 shi ne rance mai dogon wa'adi, da inshorar guguwa, da kwangilar saye da aka sa wa hannu tun kafin sara. Har a samar masa da waɗannan, zai ci gaba da sarewa a shekara 5, kuma lissafinsa daidai ne.